Na Dafa Gautan Kura Na Sha

Salamu alaikum. Wata biyu kun ji ni shiru. Masu cewa na yi kuɗi a Ikko na manta da mutanen Goronyo, ga inda nike.

Haƙori ne mafari. Sati uku ina dakon albasa da kunci a kumbure. Da Inna ta ji, sai ta ba direban motar albasa ƙullin magani da saƙon baki. Direban ya ba wani, wanin ya miƙo mini. Ƙulli ya iso, saƙo bai iso ba.

Na kwance, gautan kura ne busasshe. Kun san shi: ɗan icce mai ƙaya a bakin gona, ganye toka-toka, ɗiyan su nuna rawaya kamar ka ci. Ko awaki ratse shi sukai.

Garinmu babu sabis ɗin waya sai Inna ta shigo Goronyo ran kasuwa, saura kwana huɗu. Ban iya jira ba. Na jefa guda bakwai a tukunyar shayi, na dafa kamar sabara, na toshe hanci na shanye.

Kafin azahar maƙogwaro ya kama wuta. Amai, gudawa, jiri. Ina ganin buhu ɗaya ya koma biyu.

Malam Bello, mutumin Rabah da muke rumfa ɗaya, shi ya kai ni asibiti. Sai da ya biya kati da gwajin jini kafin a taɓa ni, ni ko ina kwance bisa benci. Wannan ban manta ba. Amma likitar da ta karɓe ni, Bayarabiya, ba ta zauna ba sai da ta samu jijiya. Shi ma ban manta ba.

Bello ya nuna mata sauran ƙullin. Ta yi magana, ya fassara: "Ta ce dahi na, guba ka sha. Ruwan jikinka ya ƙare, ƙoda ta tsaya. In hitsari bai zo ba, sai wankin ƙoda."

Anka sa mini robar fitsari, anka rataye jakarta a gefen gado. Ledar ƙarin ruwa na ƙarewa, ana sa wata. Ni da Bello ba mu kallon komi sai jakar nan.

Rana ta farko, babu.

Ta biyu, abin da bai cika cokali ba, ja kamar zoɓo. Na ba Bello sunayen ɗiyana uku, na ce ya riƙe.

Rana ta uku da hantsi jakar ta fara nauyi. Bello, mai jikoki, ya ɗaga jakar fitsari yana nuna wa nas yana hamdala.

Kwanana tara. Bayan an sallame ni Inna ta kira.

"Ɗan nan, sha kay yi? Wa yac ce ka sha? Ƙonawa akai, ka kanga baki ga hayaƙi." Sannan ta ce, "Da ka tahi, ni nik kashe ka."

Na ce, "Inna, mi kika yi? Ni nid dahwa."

Har yau ban iya ɗaukar buhu. An cire haƙorin. Likita ta ce ko hayaƙin ba ta yarda da shi ba.

Alhamdu lillahi. Malam Bello, Allah shi saka maka. Likita da nas-nas, na gode.

'Yan uwa da ke ci-rani: ciwon haƙori, ku tai asibiti. In kun sha wani abu jiki ya juya, ku tafi da sauransa a hannu, shi ya sa likitata ba ta ɓata lokaci ba. Kuma duk ƙullin da anka aiko daga gida, ko mahaifiyarka ta ɗaure shi, kada ya shiga bakinka sai muryarta ta shiga kunnenka.