Tarin Suruki a Kantin Goggo Jaratu

A kantin maganin da ke bakin kasuwar Marwa, Goggo Jaratu ba ta miƙa wa kowa kwalbar maganin tari sai ta ji tarin da kunnenta. Tun tana budurwa take bayan wannan kanta, har furfura ta cim mata a wurin. A wajenta tari biyu ne: busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ake kwantarwa, da mai majina, wanda ake taimaka wa ya fito. Wanda aka aiko kuwa, dole ya kwaikwayi tarin mai shi.

Wata ranar kasuwa Hamajoda baduku ya shigo, yana warin jima.

"Goggo, ba ni jar kwalbar nan da ta yi mini aiki bara."

"Kai da ka fi bijimi lafiya? Na wa ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na tsohon gidanmu ne. Mahaifin mai ɗakina."

"To, yi mini tarinsa."

Matan da ke layi suka fashe da dariya. Bafulatanin da ko sunan surukinsa ba ya kamawa, ko idonsa ba ya kallo, shi za a ce ya kwaikwaye shi a gaban jama'a?

"Haba Goggo, ki rufa mini asiri."

"Ɗana, jar kwalba danne tari take yi. In ƙirjinsa cike yake, ka kulle masa majinar a ciki ke nan. Zaɓi: kunyarka ko ƙirjin tsoho."

Hamajoda ya juya har bakin ƙofa, ya tsaya. Can ya dawo, ya fuskanci bango, ya rufe fuska da hularsa, ya yi tari.

Ba muryarsa ba ce. Tari ne mai tasowa daga can ƙasan ƙirji, yana ɓul-ɓul kamar ruwa a tulu, sai ɗan nishi, sai "Ya Allahu" a hankali, irin ta mutumin da ba ya son a san yana wahala. Dariya ta ɗauke. Wata mata ta matsa gefe, kamar za ta ba dattijo wurin zama.

 Goggo ta ji kwaikwayo iri-iri a rayuwarta, amma ba ta taɓa jin an kawo mata mutum ɗungurungum ba. Ashe wanda ba ya iya ɗaga ido ya dubi tsohon, duk numfashinsa yana kunnensa.

Ta mayar da jar kwalba, ta ɗauko mai tsinka majina.

"Ya sha ruwan ɗumi da yawa. In zazzaɓi ya shigo ko tarin ya ƙi sauƙi, asibiti za ka kai shi, ba nan ba."

Ya karɓa da hannu biyu. "Goggo, kada ya ji."

Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta ko murmusa.