Rigar da Baba Lawali ya Ɗinka wa Ordinata

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan namu, kuma tun da kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake bin inji har gidan mai shi kafin in ce na gama, bari in ba ku labarinta. Abin ya faro ne wata Talata cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ko kabu-kabu ba ya son tsayawa a rana. Shekarata ta shida ke nan ina gyaran ordinata, wato kwamfuta, a atalye, shagon gyaran Shef Mutari, a nan Zinder. Shi ke karɓar aiki ya raba, ni ne mataimakinsa, kuma duk injin da ya gagari sauran ma'aikata, hannuna yake zuwa. Ina ji da kaina a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Da hantsi wata mata ta yi sallama, sunanta Rakiya, ta yi karatun zanen gine-gine. Ta ajiye ordinata ta hannu a kan teburina, irin mai nauyin nan da ake yi wa masu wasanni, mai fanka biyu a ciki. Injin na sanye da rigar jar fatar akuya, an yi mata ado da kore da rawaya. Ba jaka ba ce. An ɗinka ta daidai jikin injin, ta rufe bayansa da ƙasansa, ko an buɗe shi ana aiki tana nan manne. Na zare rigar na tura ta gefe, ban ƙara kallonta ba. Ku riƙe wannan, don nan kuskurena ya fara.

Ta ce, "Malam Isufu, so nake ka ƙara mata gudu. An ce kai ka iya."

Shef ya ɗago kai daga inda yake zaune. "Madam, a cikin zafin nan? Ko jaki ba a ƙara wa kaya da bazara."

Ba ta yi musu ba. Ta kunna injin ta juyo mana da fuskarsa.

Gida ne. Gidan kakanta na cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, wanda ruwan sama ya rushe tun tana ƙarama. Ta tattara tsofaffin hotuna, ta zauna da gwaggwanninta suna faɗa mata inda kowane ɗaki yake, ta sake gina shi a cikin injin da kayan aikin da masu ƙera wasanni ke amfani da su. Kana danna maɓalli sai ka yi gaba, kamar da ƙafarka. Sai dai hoton ba ya tafiya sumul. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya yi tsalle, bango ya rabu biyu ya sake haɗuwa.

Don mahaifinta ta yi, Baba Lawali, baduku ne a Birni. Idonsa na rufewa a hankali, lokotoro ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ya buɗe ba ne. Abin da ya rage masa ɗan tsakiya ne kawai, shi ma yana raguwa. Sau biyu ta zaunar da shi gaban injin, da hoton ya fara tsalle sai kansa ya juya, ya ce ba ya gane komai. Ta ce, "Ban san ko zai kai damina yana gani ba. So nake ya shiga gidan ubansa sau ɗaya." Shef ya ce mini, "Bon. Yi, amma a hankali."

Ga waɗanda ba su taɓa yi ba, ga yadda abin yake. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar inji, kuma masu ƙera ta sun yanka mata gudun da za ta yi. A wasu injunan sun bar ƙofa a buɗe, ana iya ƙara mata. Amma duk gudun da ka ƙara zafi ne ka ƙara, kuma ordinata ta hannu ba ta da filin fitar da zafi kamar ta tebur. Don haka na fara da kwafe gidan kaf a wani faifai na ba ta ta riƙe, ko da tsautsayi. Na buɗe cikin injin na share fankokin, na goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, na shafa sabo. Na duba na tabbatar irin wadda ake iya taɓawa ce.

Sannan na fara ƙari, ɗan mataki ɗaya. Bayan kowane mataki sai in ɗora mata aiki mai nauyi na rabin awa, idona a kan ma'aunin zafi, in rubuta abin da na gani a takarda. Na ɗan rage mata ƙarfin kuran, wato wutar lantarkin da take sha, don wani lokaci ragin ne ke ba ta sarari. Na yanka wa kaina iyaka, zafin kada ya kai digiri casa'in. A mataki na biyar fuskar injin ta daskare, na koma na huɗu na tsaya nan. Wuni biyu na yi a kai, ban tsallake ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin ba.

Ranar Laraba da azahar na shiga gidan don gwaji, kuma gaskiya na manta cewa gwaji nake. Na ratsa zaure mai duhu da sanyi, na fito tsakar gida. Rana na saukowa ta cikin ganyen wata kurna, inuwar na motsi a kan yashi. Ga randuna uku a jere, ga tattabaru a kan katanga, ga rumfar dukanci da fatu rataye suna lilo. Babu kowa a ciki, amma komai na nan kamar mutanen gidan sun fita gaisuwa yanzu za su dawo. Na tsaya gindin kurnar nan, sai na tsinci kaina ina tunanin gidan kakata a Gidimuni, da yadda iskar tafki ke shigowa ta bayan danga da yamma. Ban san na daɗe ba sai da Shef ya taɓa kafaɗata ya ce shinkafata ta huce.

Ranar Alhamis na miƙa wa Rakiya injin ina taƙama. Ta mayar masa da rigarsa a gabana, ina kallo, hankalina na can wajen yabon da take yi mini.

Ranar Asabar bayan la'asar ta kira ni. Muryarta a sanyaye. "Malam Isufu, ta mutu. Baba ya zo bakin zaure ke nan ta ɗauke."

Na hau kabu-kabu zuwa bakin Birni, sauran na taka da ƙafa cikin lungunan yashi. Na same su a ƙarƙashin rumfa. Tsohon na zaune a kan buzu, dogo siriri, hannuwansa a kan gwiwa. Injin na kan tabarma cikin rigarsa. Na sa hannu ƙasansa na janye da sauri, kamar na taɓa gindin tukunya. Na juya shi. Fatar ta rufe duk ramukan da fanka ke shaƙar iska, ba ta bar ko ɗaya ba.

Nan na gane komai, kunya ta rufe ni. Tun farko ba gudu injin ya rasa ba, iska ya rasa. Idan furosesa ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don ta tsira, shi ne tsallen da hoton ke yi. Ni kuwa na gwada shi tsirara, a kan teburin ƙarfe, ƙarƙashin sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗakin atalye. Na ƙara wa wanda aka toshe wa hanci gudu, na tura shi cikin zafin Birni. Ko ya kashe kansa ne don ya tsira, ko wani abu ya ƙone a ciki, ban sani ba sai ya huce.

Rakiya ta ga inda idona ya tsaya. Ta matso ta ce a hankali, "Don Allah kada ka ce rigar ce. Ita ce aikin ƙarshe da ya ɗinka, da laluben hannu ya yi rabinta."

Na buɗe baki ina neman ƙaryar da zan yi, in ɗora wa kuran laifi. Amma wanda ido ya gaza masa kunnensa ba ya barci. Baba Lawali ya ce, "Ɗana, miƙo mini ita nan."

Na miƙa masa. Ya shafa bayanta, ya shafa gefe, ya kai yatsa inda sauran ɗumi ke fita ta bakin ɗinki. Ya ce, "Wannan abu numfashi take yi?"

Na ce, "Tana yi, Baba."

"Ta ina?"

Na zare rigar, na kama yatsunsa na ɗora a kan ramukan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya yi ƴar dariya. "Ashe ni na shaƙe ta. Na ga yarinyar nan na sonta, na ce bari in suturta mata ita." Ya juya wajen ƴarsa. "Ke kuma kina raɗa, wai kada a faɗa mini. Shekara nawa ina ɗinka wa mutane takalmi, in ya matse su ai dawowa suke su faɗa. Ɗauko mini ƙarfen huda da guduma."

Na ce, "Baba, laifina ne. Ni ya kamata in duba."

Ya ce, "To mu biyu ne, sai mu raba."

Ya shimfiɗa rigar a kan guntun katako. Hannu ɗaya na auna ramukan injin, ɗayan na auna fatar. Ya fara hudawa, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa. Na ɗauka ramuka kawai zai yi, sai na ga suna jeruwa suna lanƙwasa, suna haɗuwa a tsakiya. Rakiya ta rufe baki da gyale. Zanen da ke saman ƙofar zauren gidan ne, wanda na gani a cikin injin. Bai duba ko sau ɗaya ba.

Kafin ya gama injin ya huce. Na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, fuska ta yi haske, sai a lokacin na san ashe ban numfasa da kyau ba tun daga bakin Birni. Na sauke gudun daga mataki na huɗu zuwa na biyu. Na sa masa rigar, na ɗora shi a kan itace biyu don iska ta ratsa ƙasa, na yi gwajin a nan ƙarƙashin rumfar, cikin zafin da zai zauna a ciki. Rabin awa muna zaune, ana ba ni ruwan randa, idona a kan ma'auni. Zafin ya hau, ya tsaya nesa da iyakar da na yanka, bai ƙara ba.

Rakiya ta matso da injin daf da fuskar mahaifinta, ta yi masa inuwa da gyalenta, ta ɗora yatsa a kan maɓalli. Hoton ya tafi sumul. Lungu, katanga, sai ga ƙofar zaure da zanenta.

Ya ce, "Tsaya."

Ta tsaya. Ya gyara zama, ya gyara hularsa. Sai ya ce, "Salamu alaikum." Ya yi shiru yana jira, kamar yadda ake jira a ƙofar gida mai mutane. Babu wanda ya motsa a cikinmu. Rakiya ce ta amsa masa, sannan ta shigar da shi.

Sun daɗe a ciki. Ya ce randunan huɗu ne ba uku ba, kuma ɗakin inna ƙofarsa gabas take kallo. Ya sa ta tsaya a rumfar dukanci, ya nuna inda ubansa ke zama, da inda shi yake zama yana miƙa zare. A gindin kurna suka tsaya, inuwar ganyen na motsi a fuskar injin, haskenta na motsi a tasa. Na kau da kai, don idona ya cika kuma ba gidanmu ba ne. Da rana ta yi ƙasa ya ce, "Ya isa. Na ga gida."

Ranar Litinin na faɗa wa Shef duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka bi ƙa'ida duka, amma a gidanka ka gwada ta, ba a gidanta ba." Tun daga ranar, kafin in ƙara wa inji gudu sai na tambaya a ina yake kwana, a kan me ake ɗora shi, me aka lulluɓe shi da shi. Mutanenmu ba sa barin abin da suke so a tsirara. Za ku ga an ɗinka wa inji riga, an shimfiɗa masa darduma, an ɗora shi a kan katifa don kada ya ƙuje. Kada ku yi musu dariya, kuma kada ku tura rigar gefe kamar yadda na yi, don tare da ita injin zai koma gida.

Bayan damina na bi ta Birni na tsaya in gaida Baba Lawali. Idon ya rufe gaba ɗaya. Yana jin muryata ya gane ni, ya riƙe hannuna bai saki ba. Na tambaye shi jiki, ya ce da godiya. Sannan ya ce, "Ɗana, ƴar taku tana numfashi?"

Na ce, "Tana yi, Baba."

Ya ce, "Madalla. Ni yanzu ba na bukatarta. Kullum da la'asar nake shiga gidan, kuma randunan huɗu ne."