Cokalin Majo Hamsatu

Har gobe ban manta da safiyar da na kama aikin jinya a Yamai ba. Shekarar fari da yunwa ce, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, aka yi mini canjin wurin aiki daga Damagaram. A zamanin, in takarda ta fito ba a musu. Na yi shiri iya shiri: shaidar karatu, takardar tafiya mai hatimi, bitar ma'aunin magunguna, har gaisuwar Zabarmanci na haddace a mota. Shekara shida na yi a ɗakin tiyata, ko ido rufe ina samun jijiya, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Maimakon babbar likita, wato babban asibiti, sai aka tura ni wata rumfa wajen Tondibiya, inda waɗanda yunwa ta koro suka sauka. Shugabar ma'aikatan jinya, wato majo, wata dattijuwar Bazabarma ce mai suna Hamsatu.

Da hantsi wata makiyayiya ta miƙo mini ɗiyarta, ƙafafu a kumbure, ido ya faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Nan da nan na rataye serom, wato ƙarin ruwa, na ɗaure mata hannu. Sai Majo ta riƙe ni.

"Ɗiyata, in kin sa mata wannan, kafin la'asar mun bizne ta."

Raina ya ɓaci, don a gaban mutane ne. Ta ce zuciyar yaron da ya daɗe da yunwa ta yi laushi, ruwa ta jijiya yakan fi ƙarfinta. Ta zauna a tabarma, ta dama madara tsararo da ɗan sukari, ta sa uwar ta rungume yarinyar cikin zane don ɗumi. Cokali ɗaya, ta jira. Wani cokalin, ta jira. Ƙafata ta yi sanyi don tsayuwa, ita ko gezau. Daga baya ta miƙo mini cokalin, ta ce in na yi gaggawa za ta gani.

A kwana na huɗu yarinyar ta tsala kuka, ta fizge cokalin. Na waiga don in yi albishir. Majo kuwa ta riga ta wuce tabarma ta gaba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku ƙananan ma'aikatan jinya: in an canja muku gari, ku fara tambayar abin da ke kashe mutane a can, da wanda ya fi daɗewa yana fama da shi. Da Majo ta makara kaɗan, da ni na kashe yarinyar nan, kuma da na rubuta a rajista cewa yunwa ce.