Kunnen Yaya, Diddigen Anti

Kafin masu shaguna su ɗage ƙofofinsu, shi ya riga ya hau bene. Ɗakin aikinsa a saman shagon masu gyaran firji yake, ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso, sai kwamfuta da manyan sifiku biyu da wata kujera da ta lotsa daidai zamansa. Yakan ajiye kofin shayi nesa da wayoyi, ya zauna shiru kafin ya taɓa komai. Wai kunne ma yana so a bar shi ya farka.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka in kun ji son kai a maganata ku yi mini uzuri. Sana'arsa haɗa kiɗan rawa, irin wanda ake kira haus: bugu ɗaya ne a ƙasa, dum, dum, dum, ba ya sauri ba ya lafawa, sai a yi ta ɗora masa kaya, siririn kacau-kacau a sama, fiyano a tsakiya, muryar mawaƙi a kai, har ya cika. Mutane na ɗauka masu wannan aiki 'yan shagali ne. Yaya kuwa in ka gan shi a titi da jakarsa sai ka rantse malamin lissafi ne ya makara.

Kun sha taka rawa da aikinsa, amma ba ku san shi ba. Hoton mawaƙi ake sawa a allo, mai saka kiɗa a wurin rawa ake yi wa tafi, shi kuwa yana gida ya miƙe ƙafa. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, shi ko a jikinsa. Abokan aikinsa A-Sake suke ce masa, don komai daɗin abin da ka rera, zai ɗaga yatsa ya ce, "Ya yi kyau. A sake."

Akwai wata mawaƙiya da yanzu ba ta iya shiga kasuwa ba a tare ta ba. Ita da bakinta ta ba ni labarin zuwanta na farko, lokacin tana aikin share ofisoshi. Da ta tsaya gaban makirfo sai murya ta ƙi fita. Yaya bai ce mata ta kwantar da hankali ba. Ya tambaye ta, "Ƙanwata, yaushe kika fi jin daɗin waƙa?" Ta ce, "In ina goge-goge, Oga." Ya miƙa mata tsumma, ya nuna mata taga, ya matsar da makirfo kusa da ita a hankali. Muryar da kuka sani a waƙarta ta farko, tana goge gilashi ta yi ta.

Amma babban alƙalin aikinsa ba a ɗakin yake ba. Matarsa ce, Antinmu, wadda tun suna saurayi da budurwa take cewa wannan ba kiɗa ba ne, kafinta ne ke buga ƙusa. Duk waƙar da ya gama, sai ya kawo ta gida ya saka a 'yar rediyon kicin, wadda eriyarta ta karye aka ɗaure da waya, lokacin da Anti ke wanke-wanke. Ba ya tambayarta komai. Yakan jingina da ƙofa kamar mai jiran a ba shi ruwa, idonsa a ƙasa. In diddigenta na hagu ya fara ɗagawa yana sauka tare da bugun, waƙa ta gamu. In ya tsaya cak, gobe za a koma bene. Ni kaɗai ya taɓa gaya wa wannan sirri, ya ce kada in kuskura ta ji, don in ta sani ƙafar za ta fara yi masa kara.

A bara abin ya fara. Ashe kunnen da ya daɗe cikin ƙara, siraran sautuka yake fara rasawa. Yaya ya daina jin kacau-kacau ɗin nan na sama sosai, bai kuma san ya daina ba, sai ya riƙa ƙara shi har ya ji ya yi masa daidai. Mawaƙa su zo su saurara, su kalli juna, su ce, "Ya yi, Oga," su fita su kai wa wani ya rage a ɓoye. Su a ganinsu girmamawa ce. Ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Anti ce ta fasa ƙwan. Wata rana da rana ya saka sabon aiki, ta tsame hannu daga kumfa ta kashe rediyon.

"Baban yara, abin nan yana soke mini kunne."

"Wane abin?"

"Wannan tsit-tsit ɗin mana."

Ya ce, "Ai ban ma sa shi da yawa ba." Daga nan sai ya je ganin likita.

Likita bai yi masa kwana-kwana ba. Abin da ya tafi ya tafi, in kuma ya ci gaba da zama tsakanin sifikun nan, sauran ma zai bi, har maganar mutane ta gagare shi. Zai iya yin shiru ya ci gaba, ba wanda zai iya kallon idonsa ya hana shi. Amma sai ya kira waɗanda aikinsu ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kunnena ya gaji. Ku kai wa wane, hannunsa na da kyau." Kowa ya karɓa, sai mawaƙiyar nan mai tsumma. Ta ce a nan ta fara, kuma waƙarta da ke hannunsa a nan za a gama ta, ko a bar ta.

Ranar ce Anti ta fara hawa benen nan. Ya zaunar da ita a kujerar da ko 'ya'yansa ba sa zama. Shi ya ɗora tafin hannu a jikin sifika yana jin bugun ƙasa, ɗaya hannun a kan maɓalli, ita kuma tana yi masa nuni: ƙara, rage, rage kuma. Da ya ce yana ganin an zo wurin, Anti ta gyara ɗankwali ta ɗaga yatsa ta ce, "Ya yi kyau. A sake." Mawaƙiyar ta yi dariya har da hawaye.

Ina gidan ranar da ya kawo waƙar kicin. Ya jingina da ƙofa, ni kuma idona a kan ƙafar Anti, don wannan ce ta ƙarshe, kuma shi ba zai iya sanin ko ta yi ba. Bugun ya shigo, murya ta biyo. Diddigen ya ɗaga, ya sauka, ya kuma ɗagawa.

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Shekara da shekaru kana tsaye a nan kana kallon ƙafata, ka ɗauka ban sani ba?"

Muryarsa ta yi ƙasa. "To yau tausayina kika ji?"

"Da bakina zan iya lallashinka. Ƙafar nan ba ta jin maganata."

Yaya, kai ne ka tayar da dubban mutane tsaye ba tare da ka nemi su juyo su kalle ka ba. Kai ne ka ga mai shara ka ji mawaƙiya. Kai ne ka gwammace ka sauka daga kujera da ka miƙa wa mutane aikin da kunnenka bai shaida ba. Na gode, a madadin duk wanda ya taɓa manta damuwarsa a cikin bugunka. Ku kuma masu tasowa, ku rage ƙara tun kunnenku na tare da ku, ku nemi mutum ɗaya da ba zai ce muku "ya yi" don kunya ba, ku riƙe shi da kyau.

Da waƙar ta ƙare, na zuba maka ido ina jiran yatsan nan ya tashi. Bai tashi ba. Ka miƙa hannu ka kashe rediyon da kanka, ka ce, "Ya isa." Anti ta ce ka miƙo mata tawul, a hankali ta faɗa, kuma ka ji.