Buhun Ƙasar Bagega a Gaban Bagade

A shekarun da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyukan Anka, muna zaune a cikin garin. Maigidana yana koyarwa a makarantar sakandare, ni kuma ina ɗinki a gida. Gidan haya muke ciki da ƙaramar ɗiyarmu, mu kaɗai ne Kirista a cikinsa. Matar mai gidan dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata, har mu baƙi.

Wata rana ɗiyar ƙanwar Inna ta iso daga ƙauyen Bagega da ɗanta a goye, ta kawo shi asibiti. Mijinta mai haƙar zinare ne. A tsakar gidansu ake daka dutsen zinaren, a turmin da take daka gero, yara na wasa cikin ƙurar. Yayyen yaron sun riga sun rasu, shi kuma jijjiga ta kama shi har idanunsa suka daina bin mutum. Kullum da hantsi takan zauna kusa da kekena, ta shimfiɗa shi a zani tana kore masa ƙuda.

A wannan lokacin ne cocinmu ta gayyato wani mai wa'azi daga nesa don taron falkaswa, wato kwanakin wa'azin farkar da zukata. Cocin ƙarama ce, rufin kwano, yawancinmu ma'aikata ne da masu shaguna. Fastonmu tsoho ne mai sanyin murya, mutane na ƙorafin wa'azinsa na sa su gyangyaɗi. Baƙon kuwa ya zo da kwat mai sheƙi da lasifika tasa ta kansa.

Ranar farko ya yi magana a kan ƙarshen zamani: ƙaho, da annoba, da tasoshin fushin Allah. Ban ga laifin wannan ba, da shi na girma, har yau kuma na gaskata akwai ranar shari'a. Amma sai ya juya ya nuna wajen Bagega da yatsa.

“Kuna tsammani dalma ce ke kashe yaran can?” in ji shi. “Likitoci ba su da idon ruhu! Ramukan zinaren nan ƙofofin aljanu ne. Allah ya fara zuba fushinsa a kan waɗanda suka ƙi shi, ya kuma fara daga ’ya’yansu!”

Aka amsa da amin. Matar da ke kusa da ni, wadda ke sayen nono wurin matan ƙauyukan nan kowace ranar kasuwa, har da tafi.

Washegari girkin baƙo ya faɗo kaina, domin mu matan coci bi da bi muke yi. Na dafa shinkafar Gummi da miyar busasshen kifi. Ya zo da azahar, ya ci har ya kwance ɗamara, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito wanke hannu ya hangi yaron a kan zani.

“’Yar’uwa, wannan daga can yake?”

Na ce e. Fuskarsa ta washe. Ya ciro waya, ya durƙusa, ya yi ta ɗaukar hoto, har ya juya kan yaron da hannunsa don haske ya faɗa kan idanun. Uwar ta ɗauka cikin ma'aikatan lafiya yake. Ta gyara lulluɓi, ta rusuna.

“Mun gode, Malam. Allah shi saka. Mi kag gani? Zai tashi?”

Bai ko kalle ta ba. Ni ya kalla, ya ce, “Ga shaida nan ƙiri-ƙiri. Mutanenmu na birni za su gani su ji tsoron Allah.”

Na ce, “Fasto, yaron nan maƙwabcina ne. A goge hoton nan.”

Ya yi dariya, ya ce tausayin jiki ne ke damuna, sojan Ubangiji ba ya kuka a fagen fama. Ya sa waya a aljihu ya fita. Uwar ta tambaye ni me ya ce. Na ce mata shi ba likita ba ne, sauran kuma na haɗiye. Na kwashe kwanonin da ya ci abinci na wanke su da toka, na sake wankewa.

Ranar Lahadi da safe aka rufe taron. Da muka shiga, ga buhu a gaban bagade, teburin ibada da ke gaban coci. Baƙon ya ce ya aika ɗan acaɓa har bakin ramin zinare an ɗebo masa ƙasar magabci, yau za mu tattake Shaiɗan. A lokacin ba wanda bai san ƙasar nan guba ce ba. Rediyo ya faɗa, an faɗa a masallatai da coci, muna ganin motoci na wucewa don kwashe ta daga gidaje. Duk da haka ya zazzage buhun a kan siminti, ƙura ta tashi ja.

“A fara da yara!” ya ce. “Ku tuɓe musu takalma!”

Aka buga ganga. Iyaye mata suka fara tura ’ya’yansu gaba. Na damƙi hannun ɗiyata, na ce da ƙarfi, “Ba za ta taka ba!” Maigidana ya miƙe, sai ga tsohon fastonmu ya riga shi. Ya taka da sandarsa ya tsaya tsakanin yaran da tulin ƙasar, bai ɗaga murya ba.

“A fitar da yara waje. A buɗe tagogi.”

Baƙon ya yi ta ihu a lasifika cewa ruhun tsoro ya shigo ikilisiya. Wasu manya suka bi shi, suka yi ta tsalle a kan ƙasar suna tsawata wa aljanu, gumi da ƙura sun yi musu dabbare-dabbare a fuska. Wani har ya faɗi yana birgima. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, mutanen da muke cin jibin Ubangiji, gurasar tarayya, tare da su, na rasa inda zan sa idona.

Da yamma baƙon ya kama hanya. Mu muka rage da ƙasar. Muka ɗaure hanci da ƙyalle, muka yayyafa ruwa, muka kwashe ta aka binne nesa da gari. Makonni muna sujada a ƙarƙashin bishiya saboda tsoron ƙurar da ta rage a cocin. Waɗanda suka yi tsallen ba su zo sharar ba, wasunsu ma suka daina gaida fasto, suna cewa ya kashe wutar falkaswa.

Yaron ya rayu. Bayan an gama ba shi magani uwarsa ta koma Bagega da shi, amma bai yi magana ba, bai kuma taka ba. Na ɗinka masa riguna kafin su tafi. Daga baya aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Bukkuyum.

Bara wata ’yar cocinmu ta nuna mini bidiyo a wayarta. Mai wa'azin nan ne, ya ƙara ƙiba. Yanzu ’yan bindiga ne alamarsa ta ƙarshen zamani, ƙauyukan da aka ƙone kuma sun cancanci abin da ya same su. Ta ce, “Mama, mutumin nan akwai shafewar Ruhu Mai Tsarki.” Na miƙa mata wayarta, na ce ta kashe, ina da ɗinki a gabana.