Sujada a Rumfar Daddawar Kaka

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Mayu, shekarar da nake aji huɗu a firamare, muna cikin carafke da ƙawayena a gindin ɗorawa sai hadari ya haɗo daga bayan duwatsu. Kafin mu watse, iska ta yaye rufin kwanon majami'armu gaba ɗaya, ta kifar da shi a gonar accar Baba Yakubu, babban dattijon ikilisiya. Ƙauyenmu ƙarami ne, can bayan Pankshin, kuma wannan ɗaki shi ne kaɗai wurin sujadarmu. Ga damina ta sauka, ga Lahadi washegari.

A duk garin babu inuwar da za ta ɗauki jama'a sai rumfar kakata Ladi, wadda a hannunta na girma. Sana'arta daddawa. Ni ke kai kalwa rafi in wanke, ni ke iza wuta ƙarƙashin manyan tukwane, in rufe kwanduna da ganye har kwana uku su yi. Warin ya kama bango, ya kama kayan makarantata. A aji ba mai son zama kusa da ni, kuma sunana Hannatu ya ɓace, sai "'yar daddawa". Na sha yin kuka a hanyar gida, Kaka kuwa abu ɗaya take cewa: "Duk mai toshe hanci, a miyarsa za ki same mu."

Da Kaka ta yi tayin rumfarta, Baba Yakubu ya ce sam. A gaban mutane ya ce ba za a kira sunan Allah a wuri mai ɗoyi ba. Ina tsaye bayan zaninta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita dai ta koma gida ta ɗauki tsintsiya.

Malam Dauda, mai bisharar garinmu, shi ya yanke magana ya ce a can za a taru. Da safe mutane suka shigo suna yatsina, sai ya ajiye littafinsa, ya tsinci kara, ya zana teku a ƙasar rumfar, ya ɗiga garuruwa a bakin tekun. Ya nuna Urushalima, inda almajiran Yesu suka fara taruwa, masunta da talakawa marasa gini ko ɗaya. Ya ja layi zuwa Antakiya, inda aka fara kiran su Kirista, ya ƙetara ruwa har Roma. Ya ce shekaru masu yawa a gidajen mutane ake sujada, kuma a kan ƙafar fatake, bayi da mata 'yan kasuwa bishara ta yi tafiya. Sannan ya dasa karan a Yafa, ya ce a nan manzo Bitrus ya sauka kwanaki da yawa a gidan wani majemi. "Wa ya taɓa shiga majema?" ya tambaya. Dariya ta ɓarke. "To, Bitrus a can ya ci, a can ya kwana, a can ya yi addu'a. Mu su wa?"

Ban taɓa sanin cewa labarin ya bi ta gidaje irin namu ba. Bayan an tashi, mu yara muka yi ta tsalle daga Yafa zuwa Roma har zanen ya goge. Mako bakwai ana taruwa a rumfar. Baba Yakubu ya ƙaurace Lahadi biyu, a ta uku ya zo ya tsaya a ƙofa. Kaka ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta ce, "Baba, shigo daga ciki." Ya shiga ya zauna, kansa a sunkuye. A makaranta sunan bai sake ni ba, amma ni na daina ɓoye hannuwana masu warin daddawa.

Shekaru sun kawo ni birnin Kuala Lumpur, ina koyarwa a unguwar Bukit Jalil. Da korona ta zo aka hana fita, majami'armu ta wajen Titiwangsa ta rufe, bikin Ista ya same mu a gidanmu, hawa na goma sha huɗu na wani bene a unguwar Taman Melati, ni da maigidana da 'yarmu Rifkatu. Jirgin ƙasa na wucewa ta ƙasan taga babu kowa a ciki, abincin da aka yo mana tapau, wato aka ƙunso daga gidan abinci, yana kan tebur. Rifkatu ta dube ni, ta tambaya da Turanci ko mutum uku a falo ma sujada ce. Ban yi wata-wata ba na ce mata da Hausa, "Haka aka fara, 'yata." Ta ce, "Boleh," wato "za a iya" da yaren ƙasar, ta ɗauko waƙa, mu muka amsa. Na yi kewar muryoyin matan garinmu masu cika wuri har bango ya ɗauka, amma ko kaɗan ban ji tsoro ba. Abin da aka haifa a ɗakin mutane ba ya mutuwa don an kulle ƙofar majami'a.