Ranar da Inna Ta Ƙi Hawa Kujerar Gora

Idan damina ta kankama a Dutsin-Ma, akwai safiyar da gajimare ke saukowa ya kwanta a kan duwatsun garin. A irin wannan safiya nakan tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, sai in ji kamar ana kaɗa ƙararrawa can nesa. Babu wata ƙararrawa a unguwarmu, daga Indiya kunnena ya taho da ita.

Mahaifiyata na raka can. Inna mutuniyar Kurfi ce, mace mai ƙafa, wadda ba a suna ko ta'aziyya a ƙauyukan kewaye ba a ga ƙeyarta ba. Ciwon gwiwa ne ya zaunar da ita, har 'yan'uwana maza suka yanke shawarar a kai ta a sa mata ta ƙarfe. Da yake ni ce malamar makaranta mai ɗan Turanci a baki, aka ce ni zan tafi.

Aiki ya yi kyau, amma Inna ta ƙi tashi. Likita ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ja ni gefe ya ce idan ba ta fara takawa ba gwiwar za ta sandare, kuma shi ke nan ita da tafiya. Na gaya mata da Hausa tsantsa. Ta gyara zama a keken marasa lafiya ta ce, "Ke ɗiyar nan, ƙarhe ne fa a cikin ƙahwata. In na taka ya ɓalle, ke za ki ɗaure shi?" Ni kuwa ba ni da dogon haƙuri. Ranar na shiga banɗaki na yi kukan takaici, na fito ina ce mata sabulu ne ya shiga idona.

A masaukinmu akwai wata tsohuwa 'yar addinin Hindu a ɗakin da ke kusa da namu, ita ma an yi mata aiki, a ƙugu. Ba mai jin yaren wata, amma kullum suna tare a baranda. Ita ta miƙo wa Inna wata alawar madara, Inna ta ba ta goro, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, su yi ta dariya. Wata rana surukar tsohuwar, mai jin Turanci, ta ce mini za su kai ta ziyara ɗakunan bautarsu da ke kan wani dutse a bayan gari, don ta yi alkawarin zuwa idan ta fito daga asibiti da rai. Tsohuwar tana so ƙawarta ta raka ta.

Na ɗauka Inna za ta yi a'uzubillahi. Sai ta ce, "Mu dai ba mu shiga, kuma ba mu rusuna ma kowa sai Allah. Amma rakiya ai ba laihi ba ce. Da zan tahi Makka, har matar mai gyaran rediyo ta raka ni tasha, kuma coci take zuwa."

Da hantsi muka isa gindin dutsen. An yi ruwa, ƙasa tana tururi. Dutsen ya shige cikin gajimare, sai can sama ka hango kan wani gini fari ya leƙo ya sake ɓuya, da jan ƙyalle yana kaɗawa a kan sanda. Matakala ta dutse ta miƙe ta ɓace. Mutane suna hawa ba takalmi, mata da furanni ruwan ɗorawa a faranti, wani tsoho yana waƙa a hankali shi kaɗai. Ƙamshin turaren wuta ya cika wurin, kusan irin na ɗakin amare. Birai suna zaune a kan katanga suna kallon kowa. Daga sama ƙararrawa take saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba ka ganin mai kaɗa ta. Na tsaya riƙe da keken Inna, na rasa ko a farke nake.

A nan ne muka ga yadda ake kai tsofaffi sama. Kujera ce aka ɗaure a kan gora biyu dogaye, mutum ya zauna, maza huɗu su ɗaga su saɓa a kafaɗa. Aka ɗora ƙawar Inna, ta haɗa tafukan hannunta tana murmushi, aka yi sama da ita. Surukarta ta kira wasu huɗun, suka ajiye tasu kujerar a gaban Inna, suka miƙo hannu za su ɗauke ta.

Inna ta dubi gorar, ta dubi kafaɗun mazan, na ga fuskarta ta canza.

"Mi za su yi mani?"

"Ɗaukar ki za su yi, Inna, kamar yadda aka ɗauki ƙawarki."

"A kahwaɗa? Maza huɗu? Ina numhwashi? Wagga ai makara ce aka sa ma jingina. Sau ɗaya ake yi ma mutum wannan ɗauka, kuma ranata ba ta zo ba. Ce masu su matsa."

Mutanen nan ba su san laifin da suka yi ba, suka ja da baya suna kallona. Na buɗe baki zan ba su haƙuri, sai na ji an damƙi kafaɗata da ƙarfi. Inna ce a tsaye. Ta yi bismillah, ta ɗora ƙafar ƙarfen a kan matakalar farko, ta runtse ido tana jiran ta ji ƙara. Babu abin da ya ɓalle.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Gumi yana zuba daga goshinta, farcenta ya nutse a fatata, tana salati tana tsine wa likita a numfashi guda. Masu saukowa suna raɓe mana, wata mata ta taɓa hannun Inna ta faɗi wata magana mai taushi. Gajimare ya rufe mu, ya buɗe, ya sake rufewa. Ba mu kai ko'ina kusa da ɗakunan bautar ba. A wani fili na farko, ƙarƙashin bishiya mai saiwoyi a rataye, ƙarfinta ya ƙare, na zaunar da ita a kan dakali. Daga nan muna jiyo waƙarsu a sama, ƙasa kuma gonaki kore shar kamar fadamar Zobe.

Da gajimaren ya yaye na leƙa gindin dutse, na hango kekenmu inda muka bar shi. Wani ƙaton biri ya haye ya zauna daram a ciki yana ɓare ayaba. Raina ya ɓaci, na miƙe zan sauka in kore shi. Inna ta riƙo gefen mayafina, tana haki, hawaye da dariya sun haɗe mata.

"Ƙyale shi, ɗiyata," ta ce. "Bar mashi. Ni na gama da shi."

Na koma na zauna kusa da ita, na kifa kaina a kan gwiwarta, wannan karon ban ce sabulu ba ne.